Matakalar Gida

Mutane da yawa idan za su gina bene, hankalinsu yakan tafi kan falo da fenti da ƙofofi. Matakala kuwa sai a cusa ta a ɗan lungun da ya rage. Ni a ganina ita ya kamata a fara aunawa, domin kowa a gida zai taka ta kullum: yaro mai gudu, mace mai juna biyu, da tsoho mai ciwon gwiwa.

Kowane mataki yana da awo biyu: tsayinsa, da faɗin inda ake ɗora ƙafa. Tun wajen shekarar 1675 wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Faransa, François Blondel, ya nuna cewa dole awon nan biyu su dace da takun ɗan Adam. Ƙa'idar da ake bi a yau ita ce a ninka tsayin sau biyu, a haɗa da faɗin, jimlar ta kama tsakanin santimita 60 da 65.

Da wannan lissafi na zauna da magini sa'ad da muke gina gidanmu. Daga ƙasa zuwa daɓen bene santimita 300 ne. Muka raba shi gida 20, kowane mataki ya sami tsayin santimita 15 da faɗin santimita 30. Magini ya ce, "Malam, wannan za ta ci fili. Mu rage matakan su koma 15." Na ce masa tsayin zai zama santimita 20 ke nan, kuma mahaifiyata ba za ta iya hawa ba. Gara falo ya ragu da a raba ta da ɗakin jikokinta.

Akwai sauran abubuwan lura. Matakan duka su zama daidai, domin ƙafa takan saba da na farko, in wani ya bambanta sai a yi tuntuɓe. Tsakanin mataki da rufi kada ya kasa mita 2. A sa ƙarfen dafawa mai tsayin kamar santimita 90, a bar wurin hutawa a tsakiya, a wadata haske, a kuma guji tayil mai santsi.

Duk wannan a kan takarda ake yanke shi, domin in siminti ya bushe, gyara sai da rushewa. Mai gini ya tuna cewa ƙafar da take hawa da gudu yau, wata rana da sanda za ta hau.