Ana Jiran Hunturu A Kakuri

Tun da watan Nuwamba ya raba tsakiya, ba wata hira da a ke yi a Kakuri sai ta hunturu. Ko a teburin mai shayi da asuba, ko a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, maganar ɗaya ce: shin ɗarin bana zai yi tsanani, ko kuwa zai zo da sauƙi? Mu kanmu ba mu tsira ba, kullum muka fito da sassafe sai mun dubi gabas, mun lashi leɓe mu ji ko ya fara bushewa.

Kowa da irin alamarsa. Wani dattijo ya ce tun da damina ta yi albarka har kogin Kaduna ya cika ya batse, to, lalle a nemi bargo. Mai ƙosai ta ce ita ba ta duban sama, dugaduganta ta ke duba, ran da kaushi ya fara tsagewa baƙo ya iso ƙofar gari. Mai lambu kuwa fata ya ke a yi hazo sosai, wai shi ke sa mangwaro ya yi fure. Samari kuma sai su zaro waya su karanto abin da ma'aikatan duban yanayi suka ce. A yi ta gardama har shayi ya huce, a watse ba wanda ya yarda da ta wani.

To, ku 'yan makaranta, ya kamata ku san asalin wannan baƙo. Iska ce busasshiya wadda ke tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas, tun daga ƙarshen Nuwamba har wajen tsakiyar Maris. Ƙurar da ta ke kawowa kuwa, da yawa daga cikinta ta wani kwari ce a ƙasar Chadi wanda a ke kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce ruwan Tafkin Chadi ya kai har can, da ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda ruwa ke matsowa a indararo, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Cikin 'yan kwanaki sai ga shi a Kano, ga shi a Zariya, ga shi bisa tabarmarmu. Wani ma har teku ya ke ƙetarewa ya sauka a dazuzzukan Birazil.

Su mutanen Turai dusar ƙanƙara su ke zulumi in sanyi ya ƙarato. A Ingila cikin 1947 ta yi ta zuba tun ƙarshen Janairu har tsakiyar Maris, ta toshe hanyoyi, jiragen ƙasa suka kasa kai kwal, ma'aikatu suka tsaya. Tasu farar tana narkewa, tamu kuwa sai an sa tsintsiya, amma zaman jiran da yawan kintacen duk ɗaya ne.

Yanzu bari mu gaya muku abin da kintace ya jawo mana bara. Kun dai san Kakuri da masaƙu aka san ta. Tun 1957 da Kaduna Textiles ta fara aiki, waɗansu suka biyo baya, mutane dubbai suka taru nan daga ko'ina suna saƙa tufafin da ƙasar nan ta ke ɗaurawa. Daga baya kasuwar ta faɗi, ita ma wancan ta farkon aka rufe ta a 2002. Muna da wani maƙwabci tsoho, wanda ya yi ƙuruciyarsa duka a gaban injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Shi ne abokin gardamarmu. Mu muka ce za a sha sanyi, shi ya ce faufau, ai ɗarin zamanin yanzu wasan yara ne. Da Janairu ta kama sanyi ya sauko ƙwarai, muka yi ta yi masa ba'a, shi kuwa sai murmushi.

Ran nan da safe ba mu gan shi wurin shayi ba. Muka je muka yi sallama, shiru. Da aka ɓalle ƙofa sai muka tarad da shi a some, taga a toshe da tsumma, ga kaskon gawayi kusa da kansa. Gawayi in yana ci a ɗaki rufaffe yakan fid da wata iska mai guba, ba a ganinta, ba a jin warinta, sai dai mutum ya yi barcin da ba ya tashi. Aka fito da shi sarari, aka kai shi asibiti, Allah ya yi da sauran kwana. Muka duba ɗakin, ba bargo, ba gwado, sai wani zane guda da ya sha jiki. Ashe da ya ke cewa ba za a yi sanyi ba, fata ya ke yi, mu kuwa muka ɗauka musu ne. Kwana arba'in muna zaune tare da shi, mun ci gardama, ba mu taɓa tambayarsa da me ya ke rufa ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce iska na wahalar da mai kayan kara.

Saboda haka, in kun ji manya suna musu kan ɗarin bana, ku saurara da ladabi, sa'an nan ku koma gida ku duba abin da ke hannunku. Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Rigar sanyin da ta yi muku kaɗan, akwai almajiri a zauren unguwarku da za ta yi wa daidai. Tsohon da ke kusa da ku, ku leƙa shi tun kafin ya nema, gama irinsu ba su roƙo.

Jiya da yamma mun hangi tsallaken kogi ya fara dusashewa, rana ta faɗi jawur kamar garwashi. Dattijon namu har yanzu cewa ya ke ba za a yi sanyi ba. Ba mu musa masa ba, bargon dai mun riga mun kai masa. Allah ya sa mu ga bayan hunturun nan lafiya, amin.