Barden da ba a gama wa fenti ba

A Cadawa, bisa hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Agye, akwai wani dattijo, tsohon mushen lakwal, wanda tun da ya aje aiki bai da abin da ke cinye masa hantsi sai fentin ƴan butum-butumin mayaƙan doki. Kai ne da ƙirji kawai, tsawonsu bai kai tafin hannu ba. Ya koyi abin ne wajen wani Bafaranshe da suka yi koyarwa tare, kuma har yau wani ɗansa da ke Faransa ke aiko masa da su cikin kwali, farare fat.

Aikin na son natsuwa. Yakan fara shafa farar ƙasa, ya bari ta sha iska, sa'an nan ya soma da ido, don in ido ya karkace duk sauran wahala ta tashi a banza. Daga nan sai fata: duhu ƙarƙashin haɓa, haske bisa karan hanci, da buroshin da bai fi tsinken sakace kauri ba. Lokacin hunturu yakan kifa ƙwarya bisa aikin, saboda ƙurar buji ba ta san darajar fentin mai ba.

Sojan Napoleyon ya fi yawan yi, kuma ya san su kamar yunwar cikinsa. Runduna ta 1 ta mahayan da ake kira husar, shuɗi mai haske take sawa. Ta 7 koriyar riga da jan wando. Ba ya kuskure, domin Faransawa sun rubuta kome, har maɓalli, kuma zane-zanen Lucien Rousselot na nan cikin akwatinsa. A garin Compiègne ma gidan tarihi guda suka ware wa irin waɗannan ƴan sojoji.

Wata rana maƙwabcinsa, wani Alhaji mai fataucin wake da haya, ya tsaya yana kallo. Da can yakan yi masa tsiya cewa yana tara gumaka a ɗaki, shi kuwa ya ce ba wanda ya taɓa ganin ya durƙusa musu. Ran nan dai wata magana ya kawo.

"Mushe, duk waɗannan kakannin wasu ne. Yi mini barden Ɗan Baskore in aje a kanti, ko jika nawa ne."

Mushe ya amsa da sauri, yana ganin aikin sati biyu ne. Ba a sayar da irinsa a ko'ina, saboda haka ya samo yumɓu wajen masu ginin tukwane, ya gina kai da kafaɗu. Da ya ɗauki buroshi sai hannunsa ya tsaya.

Sunaye kam ya san su. Ɗan Kasawa da ya kafa Maraɗi bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi. Rauda da ya kwanta dama a Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali. Mayaƙi da ya zaunar da Gobirawa a Tsibiri. Ɗan Baskore da lisen Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Ya san akwai lifidi, rigar nan mai cushen auduga da ke tare kibiya, da sulke, da kwalkwali mai gashin jimina, da layu. Amma buroshi tambayarsa daban take da ta maroƙi. Wane launi ne lifidin? Ɗinkinsa a tsaye yake ko a gicciye? Rawani bisa kwalkwali yake ko ƙarƙashi? Kirari yakan gaya maka mutum ya kashe nawa, ba ya gaya maka abin da ke wuyansa.

Ya koma ga littattafai. Zanen da aka buga cikin littafin Denham a 1826 ya nuna mahaya da sulke da lifidi sarai, sai dai na Barno ne da Bagarmi. Barth ya ratsa Tasawa da Gazawa a Janairun 1851, ya ga kafi da ganuwar da tsoron hari ya sa aka yi, ya wuce Katsina. Abokin tafiyarsa Overweg shi ne ya shiga Maraɗi da Gobir ya zauna da su, amma ya rasu a bakin tafkin Cadi a 1852, bai kai ga tsara abin da ya rubuta ba. Tsohon garin Maraɗi kuma ruwan Gulbi ya ci shi a 1945.

Sai ya bi hawan salla, Maraɗi da Tsibiri, yana leƙen ƴan lifida. Sun burge shi, amma yadin na kanti ne, mai walƙiya, irin wanda su Alhaji ke shigowa da shi. A wani ƙauye wajen Gazawa aka kai shi gidan da aka ce akwai sulken kaka. Magajin gidan ya sunkuyar da kai, ya ce an sayar wa dillalan kayan da a shekarar da hatsi ya yi wuya. Ba a zargin mai yunwa. Abin haushin dai shi ne, cikin dukan ma'aikatan da suka yi zamani a wannan yanki, masu takarda da alƙalami, har da shi kansa Mushe, ba wanda ya zauna gaban sulken nan ya zana shi kafin ya tafi.

Alhaji ya gaji da jira. "Haba Mushe, sa ja da kore mana, wa zai gane?"

"Ni zan gane, Alhaji. Kuma yaron da ya gan shi a kantinka zai ɗauka haka abin yake."

Abin da ya tabbata da shi ya yi. Ya zana tsagar Katsinawa a kumatu, yana duban fuskar wani tsoho mai sayar da goro a tasha. Ya yi layu da jar fata irin ta dukawan Maraɗi, ya yi rawani da baƙin shuɗi na turkuɗi. Daga wuya zuwa ƙasa kuwa farar ƙasa ce har yau. An ba shi labarin wata tsohuwa a Tsibiri da ke aje da guntun lifidin gidansu cikin tukunya, yana jiran a gama girbi ya samu mota.