Get ɗin da Hajiya ta daina turawa

In ina dutin yamma, kafin in miƙa marasa lafiya ga 'yan dare in kamo hanya, goma ta gota. Layinmu ba fitila. Sai in tsaya a bakin get in danna hon, gilashi a rufe, idona a madubi ko wani babur ya biyo ni. Abban yara a Abuja yake aiki, sai ƙarshen mako. Tun da maigadinmu ya tafi noma bai dawo ba, surukata Hajiya ce ke fitowa da tocila, da ciwon gwiwarta, ta tura ƙarfen da ya ninka ta nauyi. Na roƙe ta ta bari in riƙa sauka da kaina, ta ce ba za ta kwanta ba alhali ina tsaye a duhu mota na kunne. Daren da aka yi ruwa santsi ya kwashe ta, ta gurje hannu, ni na wanke ciwon, kunya kamar in nutse. Washegari na fara cigiyar mai sa injin get.

Abin da ya fara tambaya shi ne nauyin get ɗin, domin da kilo ake sayar da injin: akwai mai jan 500, akwai na 1,000. Babu wanda ya sani a gidan, sai da aka nemo mai waldar da ya ƙera shi ya kimanta. Namu na turawa gefe ne, inji ɗaya ya ishe shi. Mai ganye biyu kuwa kowane ganye da nasa. Aikin ba wani sihiri ba ne. Ana manna dogon ƙarfe mai haƙora a ƙasan get, injin kuma yana da ƙaramar taya mai haƙora da ke cizonsa tana ja. Mutumin ya tura get ɗin da hannu ɗaya, ya ji yana turjewa, ya ce sai an canja tayoyin an daidaita layin da suke bi, in ba haka ba injin zai yi ta wahala har ya ƙone. A nan na yarda da shi. Na kuma zaɓi mai aiki da batir, wanda wutar NEPA caji kawai take yi masa, muka ƙara ɗan faifan sola. Akwai makullin da ake sakin injin a tura da hannu in komai ya mutu. Na sa ya nuna min har sau uku.

Inda muka saɓa shi ne kan ido. Wasu ƙananan akwatuna biyu ne da ake kafawa a ginshiƙan get suna kallon juna, da wani haske tsakaninsu da ba a gani. In abu ya gitta get na rufewa, sai ya tsaya ya koma. Ya ce, "Hajiya, yawanci ba sa sawa. Ai injin da kansa in ya bugi abu zai tsaya." Na ce, "Malam, in ya buga fa ka ce." Na taɓa karɓar yaro ɗan shekara uku da get ya matse wa kafaɗa, kuma na babba ne ya tura da hannu bai gan shi ba. Kukan uwar har yau ina jinsa. A Amurka tun 1993 doka ta wajabta irin wannan kariyar a injin ƙofar gareji. Abban yara ya ce a waya kuɗin sun yi yawa, a bari sai wani watan. Ban ja da shi ba, na ɗauki adashina na biya.

Da za a kafa, ya auna daidai gaban mota. Na ce a yi ƙasa, yadda ko mai rarrafe zai katse hasken. Muka gwada da bokiti, get ɗin ya taho, ya tsaya, ya koma. Sai da na maimaita har ya fara duba agogo.

Da hunturu ya shigo, wata safiya get ya ƙi rufuwa. Na kira shi a fusace, ashe ƙura ce ta rufe idon. Yanzu duk Juma'a ina goge shi da tsumma, in share yashin layin. Rimot kuwa a saman firji yake, don autana ya gano maɓallin.

Hajiya ta nemi nata rimot ɗin, ta ƙulle shi a bakin mayafi. Har yanzu ba ta kwanciya sai na dawo. Sau da yawa kafin in laluba nawa a jaka, sai in ga get ya fara tafiya, labulen falo kuma yana motsi.