Gaiwar Auta

Gaiwa kifi ce, amma tana da huhu. In ta girma, dole ta riƙa leƙowa bisa ruwa tana shaƙar iska. In aka hana ta, sai ta mutu cikin ruwan, kamar akuyar da ta faɗa rijiya. In rani ya yi, tabki ya ƙafe, sai ta haƙa rami cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar ƴar kafa daidai bakinta. Nan take kwanciya wata da watanni, ba ci ba sha, har ruwan sama ya dawo. Shi ya sa ake cewa gaiwa jikinta take ci. Maganar gaskiya ce, don naman jikinta ne ke riƙe ta, a rame take fitowa.

Duk da wannan juriya, kwana shida kawai gaiwar Auta ta yi a gidansu ta kwanta ciwo.

Auta ɗan aji biyar ne a Tasawa. A ƙarshen watan Satumba, ana gab da komawa makaranta, ya kamo ta da ƙwarya a bakin tabkin unguwarsu. Jaririya ce, ba ta wuce santimita 7 ba. Tana da ƙafafu huɗu sirara kamar zare. A bayan kanta, dama da hagu, akwai ƴar geza mai laushi, kamar gashin ɗan tsako. Da wannan geza jaririyar gaiwa ke samun iska daga cikin ruwa, kafin huhunta ya yi ƙwari.

Auta ya yanka wani tsohon bido, ya wanke shi da sabulu, ya cika shi da ruwan famfo, ya ajiye jikin katanga. Safe da yamma yana marmasa mata tuwo. A ganinsa, baƙo ba ya kwana da yunwa.

Ran kwana na shida ruwan ya yi fari kamar tsari, yana wari. Gaiwa ta lafe a ƙasa, ba ta motsi. Gezarta ta motse. Wani abu fari kamar auduga ya fito a ƙafarta ta gaba, kuma bakin ƙafar ya gutsure.

Kakarsa ta zo ganin gida daga wani ƙauye na ƙasar Mayahi, can cikin Gulbin Kaba. A ƙauyensu rijiya na da zurfi ƙwarai, ruwa ba abin wasa ba ne. Ta duƙa, ta sunsuni bidon, ta kau da kai.

Ta ce: «Maigidana, ruwanka ne ya mutu, ba kifinka ba. Kai ma in an kulle ka ɗaki guda da tuwon kwana shida, ai sai ka kwanta.»

Ya ce: «To, Kaka, yaya zan yi?»

Ta sa aka fiddo wata tsohuwar randa daga bayan rumbu. Ta hana a taɓa ta da sabulu, aka goge ta da yashi kawai. Aka girke ta gindin dogon yaro, inda rana ba ta kai. Auta ya ɗebo ruwa daga tabki, da ƴan duwatsu, da ɗan yashin bakin ruwa. Kaka ta ce kada a cika randar, a bar wajen taƙi guda, don gaiwa ta sami iskar shaƙa. Ta rufe bakin da faifan kaba, ta aza dutse, saboda gaiwa gwanar gudu ce da dare.

Baba ya leƙa, ya ce a jefa mata ƴar kanwa, yadda ake ba akuya in ba ta da lafiya. Auta bai jefa ba. Ya ce bari ya tambayi Malam tukuna.

Washegari Malam ya saurare shi, sannan ya juya ga ajin duka, ya ɗauki alli. Ga abin da ya bayyana musu.

Kifi ba shi da salga. Cikin ruwan da yake zaune, nan yake kashi, nan yake zubar da dattin jikinsa. Wannan datti yana da guba mai suna amoniyak, ita ce warin nan mai hawa kai da ake ji a garken awaki. Ragowar abinci ma in ta ruɓe, gubar nan take bayarwa. A tabki ruwa na da yawa, kuma akwai wasu ƙwayoyi masu rai, bakteri, waɗanda ido ba ya gani. Suna zaune jikin duwatsu da laka, suna cin amoniyak, suna mai da ita nitirit. Nitirit ma guba ce. Sai wasu ƙwayoyin su karɓa, su mai da ita nitirat, wadda ba ta da cutarwa sosai, tsirrai ma abincinsu ce. A sabon mazubi babu waɗannan ma'aikata. Sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Duwatsun da Kaka ta sa aka ɗebo, iri ne aka kawo.

Babbar gaiwa na jure ƙazamin ruwa fiye da yawancin kifaye. Jaririya mai geza a waje ba ta kai nan ba, gubar na ƙone mata gezar. In jiki ya raunana, sai fumfuna ta kama, ita ce audugar da Auta ya gani.

Malam ya ce: «Kanwa kuwa, kul! Kanwa da toka suna ƙara wa amoniyak ƙarfi. Abin da ke gyara akuya, shi zai ƙarasa gaiwa.»

Ruwan famfo fa? Ana sa masa magani mai suna kulor, ɗan'uwan ruwan jabel, don ya kashe ƙwayoyin cuta. Alheri ne ga mutane. Amma kulor ba ya bambanta ƙwayar cuta da ƙwayar da ke aiki cikin randa, kuma yana cin gezar kifi. In aka bar ruwan a buɗe ya kwana ɗaya ko biyu, kulor na fita. Zafi ma abin lura ne. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa, kuma bidon roba a rana dafa ruwa yake. Randa kuwa tana tsatsafa, ruwanta ya yi sanyi.

Saura magana mai wuya. Randar na cin lita 20, kuma Malam ya ce a riƙa kwashe kashi ɗaya cikin huɗu kowace rana, a zuba sabo. Kada a zubar duka, kada a kankare duwatsun. Lita 5 ke nan kullum. A gidan su Auta ruwa saye ake, kuma yayarsa ce ke ɗauko shi a kai.

Inna ta ce: «Ruwan da ake ba kuɗi, a zuba wa kifin da ba za a ci ba? Ba a gidan nan ba.»

Inna na da gaskiya. Auta ya yi shiru, bai da amsa. Kaka ce ta raba gardama. Ta ce Auta ya riƙa zuwa famfo da kansa kafin makaranta, ya ɗauke wa yayarsa sahu guda. Ruwan da aka kwashe kuma a zuba wa zogalen Inna, wanda dama kullum sai an ba shi ruwa. Inna ba ta ce i ba, ba ta kuma ce a'a ba.

Kwana uku gaiwa ba ta ci kome ba, Auta kuma bai matsa mata ba. Ran na huɗu ya tono ƴar tana gindin randar wanka, ya saka. Aka daɗe. Can sai tanar ta ɓace. Daga nan abincinta tana ce da tsutsotsin sauro, kaɗan kaɗan. Abin da ta rage, sai ya tsame nan take da ludayi. Bayan kwana goma audugar ta kaɗe.

Wata rana Malam ya zo aji da hoton wata dabba. Yara suka ce: «Gaiwar Auta ce!» Ba ita ba ce. Sunanta aksolotil, dangin kwaɗi ce, daga ƙasar Meziko. Ita ba ta rabuwa da gezarta har ta mutu. In ƙafarta ta yanke, wata ke tsirowa, har da ƙashi da yatsu. A shekarar 1864 aka kai 34 masu rai birnin Paris, kuma yanzu ana kiwon ta cikin akwatunan gilashi a ƙasashe da yawa. Sanyi take so, digiri 16 zuwa 18. Zafin Tasawa zai kashe ta.

A gidanta na asali, magudanan ruwan Socimilko da ke kudancin birnin Meziko, ta kusa ƙarewa. A 1998 masu bincike sun kimanta 6000 a kowace murabba'in kilomita. A 2014 wajen 36 suka samu. Ƙazantar birni ta ɓata ruwan. An kuma zuba baƙin kifaye, ciki har da karfasa, kifin Afirka, suna cinye ƙwanta da ƴaƴanta.

Auta ya ɗaga hannu, ya ce: «Malam, ƙafar gaiwata fa? Za ta tsiro?»

Malam ya ce: «Gaiwa ma tana mayar da ƙafa da wutsiya. Ka riƙa aunawa, ka kawo mana.»

Sai ajin ya buɗe littafi na musamman. Kowace Litinin Auta na rubuta tsawon gaiwa, da kwanakin da aka sauya ruwa, da abin da ta ci. Bayan mako shida aka koma sauya ruwa sau biyu a mako. A farkon Disamba tsawonta ya kai santimita 12. Gezar ta ragu, amma wannan karon girma ne ya kawo haka, don tana leƙowa sama tana haɗiyar iska. A ƙafar da ta gutsure, wani ɗan tsiro fari ya fito, ya kusa kamo ta ɗaya gefen. Kaka ta aiko daga Mayahi da sabon faifai, ta ce a gaya wa maigidanta ya fara neman babbar randa.