Ƙugiyar Da Ta Cinye Mini Babur

'Yan'uwa marubuta, duk wanda ya soma rubutu a zamanin da wayar hannu ke miƙo masa ƙ da ɗ da ɓ da ɗan danna yatsa, da wuya ya gane irin wahalar da muka sha a kan waɗannan 'yan ƙugiyoyi. Ni kam na sha, har da asarar abin hawa.

Littafina na farko da tafireta aka buga shi. Ita kuwa tafiretar don Turanci aka ƙera ta, ba ruwanta da lanƙwasa. In mai bugu ya gama, sai in ɗauki baƙin biro mai tsini in zauna bayan sallar isha'i gaban fitilar ƙwai, ina bin layi ɗaya bayan ɗaya ina ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Da ka yi gyangyaɗi, baƙi sun koma baki, faɗa ya koma fada, ƙare ya zama kare. Uwargidana ce ke bin bayana tana tsinto waɗanda na tsallake, kuma ta fi ni ido nesa ba kusa ba.

Su waɗannan haruffa tun cikin shekarun 1930 suka zauna da gindinsu a rubutun boko, zamanin da Rupert East ke jagorantar aikin talifi a Zariya. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, da su ake buga ta. To amma mu da muka taso a Kano muna buga littattafanmu da kuɗin aljihunmu, musamman bayan kasuwar da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi daga 1991, ƙananan maɗaba'u muke zuwa. Shi ya sa littattafai da dama na wancan lokaci suka fito tsirara, ba ƙugiya ko ɗaya, masu suka kuma suka samu abin faɗa.

Da kwamfuta ta shigo, Malam Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara haruffan Hausa masu lanƙwasa don amfani a cikinta, Allah ya saka masa. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a aro mazaunin wasu alamomi da Hausa ba ta bukata, a zaunar da namu a kai: ka danna }, sai ƙ ta fito. Sharaɗin ɗaya ne, dole kwamfutar da za ta buga aikin ta kasance tana da zubin haruffan a cikinta. Wannan sharaɗi ne ban sani ba.

Littafina na uku na sa aka buga shi tsaf a wani shagon kwamfuta, na duba shi sau biyu, aka sa mini a faifai na kai wata maɗaba'a. Babur ɗina na sayar na biya kuɗin takarda, domin ina so littafin ya riski kasuwar Sallah. Mai maɗaba'ar ya ce in dawo in ga gwaji kafin a yi filet, na ce ai na riga na duba, a ci gaba kawai. Yaron da ke kan injinsu kuwa ba ya jin Hausa. Ran da na je ɗauka na buɗe shafin farko, sai na ga "}auna", na ga "ha]uwa". Ko'ina haka, tun daga sadaukarwa har tammat. Bangon kaɗai ya tsira, don shi mai zane ya rubuta shi da hannu.

Na yi ta fushi da mutumin nan wata da watanni, alhali da na daure na kwana biyu na ga gwajin, da ban yi shekara ina tafiya a ƙasa ba. Dillalan littattafai na Sabon Gari suka juya shi, suka ce ba mai saye.

Yanzu tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu mazauninsa na kansa, duk na'urar da ka buɗe rubutun ƙ tana nan ƙ. Amma har gobe matasa na turo mini labarai in duba musu, cike da q da x da v, wasu ma ba ko wannan. Nakan mayar musu in ce a gyara tukuna, wasu su ji haushi, su ce tsohon nan ya cika tsanani.

Katan biyu na wancan littafi suna nan a ɗakin ajiya, gara ta ci rabin ɗaya. Uwargida ta sha cewa a ba mai ƙosai, ni ne dai na hana.