Shekarar Sanƙarau da Bashin da Ta Bar Mana

Duk wanda ya yi wayo a Kano a shekarar 1996 ba zai manta da bazarar nan ba. Ina ajin ƙarshe na sakandare a lokacin. Sanƙarau ya shigo tun ana cikin sanyi, ya tarar da ƙyanda da kwalara suna tasu ɓarnar, sannan zafi ya zo ya ƙara masa ƙarfi. Kafin damina ta kashe kaifinsa, mutum sama da 100,000 sun kamu a Najeriya, fiye da 11,000 sun rasu, kuma yara ne suka fi yawa. Rediyo na ta gargaɗi a daina cunkoso a ɗaki, sai muka koma kwana a tsakar gida da ƙofar zaure. Da safe kuwa, bayan gaisuwa, tambaya ɗaya ce: yau kuma gidan wa?

A layinmu akwai wani yaro ɗan shekara bakwai da muke aike sayen ƙosai. Da yamma ya ce kansa na ciwo, kafin asuba wuyansa ya ƙage, ko hasken aci-balbal ba ya son gani. Mahaifiyarsa na jiƙa zane da ruwan randa tana shafa masa a goshi, mahaifinsa na bin gidaje neman mai mota. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi, amma bai sake jin magana ba. Na raka su asibiti ranar, kuma na ji abin da uban ya faɗa da ya miƙa shi: "Likita, ga shi nan, ka yi abin da Allah ya nuna maka." Bai tambayi sunan magani ba. Haka iyayenmu suke, suna miƙa ɗa ga mai farar riga da zuciya ɗaya, don suna ganin tambaya rashin ladabi ce ga mai neman taimako.

Sai bayan shekaru muka san abin da ya faru a Asibitin Zana cikin waɗannan makonnin. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana can tana yi wa mutane magani kyauta, sai ga tawagar kamfanin Pfizer daga Amurka da sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a kai ga ba shi lasisi ba. Aka ɗebi yara kimanin 200, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone don a gwada wanne ya fi. Yara 11 sun rasu, biyar daga rukunin farko, shida daga na biyu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko makanta ko shanyewar jiki. Cikin 'yan makonni tawagar ta kammala ta koma gida, annoba kuwa tana nan tana ci.

A watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta fito da labarin. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, ba kuma wanda ya ce musu ga magani sananne nan kusa in sun fi so. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da baki sun amince, kuma cutar ce ta kashe yaran ta kuma naƙasa wasu, kamar yadda ta saba. Gaskiya ne sanƙarau shi kaɗai yana kurumta yaro, na gani da idona a layinmu. Amma wannan bai amsa tambayar da ta fi damuna ba. Uban da ɗansa ke suma a hannunsa, wanda bai iya karatun boko ba, ta yaya zai bambance mai ceto da mai bincike, alhali riga iri ɗaya suka sa, a harabar asibiti ɗaya? Tun 1947 ƙa'idojin Nuremberg suka ce ba a gwaji a kan ɗan Adam sai da yardarsa, sanarwar Helsinki ta 1964 ta ƙara jaddadawa. Yardar da aka karɓa daga wanda bai san yana da ikon cewa a'a ba, ni dai ban kira ta yarda ba.

Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara goma sha biyar ke nan da binne 'ya'yansu.

Amma asarar da ta fi girma ba kotu ce ta lissafa ta ba. A 2003, lokacin na fara koyarwa a firamare, aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano saboda jita-jitar cewa an sa masa maganin hana haihuwa. Na ga mata masu ɗigon riga-kafi, ɗauke da akwatin ƙanƙara a cikin rana, suna sallama a ƙofar gida ana ce musu maigida ba ya nan. A majalisar unguwarmu wani dattijo yakan ce: "Maganin zazzaɓi sai na saya, wannan kuma har gida kyauta. Me suke nema?" In ka yi musu, sai a tuna maka Asibitin Zana. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Jita-jitar ƙarya ce, amma tsoron da ta samu a zukatan mutane yana da tushe. Kafin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba a watan Yuli na 2004, da maganin da aka kawo daga Indunusiya, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Na koyar da yaran da aka haifa a wannan tsakanin, cikinsu har da mai jan ƙafa zuwa allo. Shi bai san Trovan ba, bai san siyasar da aka yi ba, amma shi ya biya. A 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe masu aikin riga-kafi tara a Kano. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, bayan sarakuna da limamai da masu unguwanni sun sha wahalar dawo da amanar da ta zube.

Ba na cikin masu cewa a rufe wa bincike ƙofa. Riga-kafin MenAfriVac da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ya iso mu a 2011, ya kusan kawar da irin sanƙarau da ya yi mana ɓarna a 1996, kuma sai da aka gwada shi a kan 'yan Afirka kafin ya fito. Al'ummar da ba a bincike a cikinta, maganin da aka auna a jikin wasu za ta yi ta sha. Tun 2007 Najeriya tana da kundin ƙa'idojin binciken lafiya da kwamitin ƙasa mai sa ido a kai. To amma kundi yana Abuja, uwa da ɗanta suna kan bencin asibiti.

Saboda haka abin da nake nema daga duk mai zuwa da gwaji kaɗan ne, kuma haƙƙi ne. Ya yi wa uwa bayani da Hausar da take ji, a gaban shaidar da ba ya cin albashinsa. Ya gaya mata ƙarara cewa wannan gwaji ne, kuma in ta ƙi za a yi wa ɗanta magani kamar kowa. Ya faɗi wanda zai ɗauki nauyi in abu ya ɓaci, ya kuma dawo ya gaya wa unguwa abin da ya gano. Mu kuma iyaye mu koya wa kanmu da 'ya'yanmu tambaya: wane magani ne wannan, kuma akwai wani? Likitan kirki zai tsaya ya amsa.