Labarin Zuciya, Wa Za a Tambaya?

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Amma duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san fuskar ɗalibi tana yaudara: yaro ya kafe allo da ido, alhali hankalinsa yana can filin ƙwallo.

Shi ya sa waɗansu masana na Jami'ar New York a Amurka, Suzanne Dikker da David Poeppel da abokan aikinsu, suka tsallake fuska suka nufi ƙwaƙwalwa. A binciken da suka wallafa a 2017, sun ɗaura wa ɗalibai 12 na wata sakandare na'urar da ke naɗar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, a darussa 11 na ilimin halittu. Malamin yakan sauya salo: ya karanta musu rubutu, ya yi bayani, ya nuna bidiyo, ko ya bari su tattauna.

Lokacin bidiyo da tattaunawa, motsin ƙwaƙwalen yaran ya fi tafiya tare, kamar makaɗan da suka kama kiɗa ɗaya. Lokacin karatu da bayani kuwa, sai haɗuwar ta ragu. Haka kuma ɗalibai biyun da suka dubi juna ido da ido na minti 2 kafin darasi, ƙwaƙwalensu sun fi daidaituwa bayan an shiga aji.

A ƙasar Sin an bi wata hanya dabam. A 2019 wata makarantar firamare a birnin Jinhua ta ɗaura wa yara kambun kamfanin BrainCo, mai fitilar da ke sauya launi don malami ya gane wanda hankalinsa ya tafi. Da jama'a suka yi ca, sai aka dakatar da shi a wannan shekarar.

Binciken farko ya auna salon koyarwa, gwajin na biyu ya sa wa yaro ido. Gaskiya ne ɗalibai 12 sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, balle ga ajin Maraɗi ko Damagaram da ya cika maƙil. Duk da haka sun bar wa malami abin tunani. Ran da ya ga aji ya yi tsit, idanu sun mutu, kafin ya ce yaran bana ba su da natsuwa, ya tuna tun yaushe yake magana shi kaɗai, kuma yaushe rabon da ya bar su su juya su dubi juna.